Daminar da Munkaila Wanzami Bai Bi Kowa Gona Ba

Munkaila ɗan kawuna ne, ni kuma 'yar gwaggonsa, wato taubasai ne mu, duk abin da na faɗa a kansa ba mai kai ni ƙara wajen mai unguwa. Shekara hamsin da ɗoriya ina tsokanarsa. Na kira shi mai kan tulu, na kira shi angon aska, na taɓa ɓoye masa zabirar kayan aikinsa ranar kasuwa har ya zo yana roƙona, da gemunsa da komai. Sunana Shekara, ungozoma ce ni a ƙaramin asibitin unguwarmu a nan Matameye. Yau zan ba da labarinsa ba dariya a bakina, don ni ma hannuna ba wankakke ba ne a ciki.

Wanzami ne ɗan wanzami. Kawu ya danƙa masa aska tun bai iya ɗaure wando da kyau ba, ya sa shi koyon aski a bayan duma da aka shafe da toka, in ya karce duman a murɗe masa kunne. Ya tashi da hannu mai sanyi, wannan ko ni ba zan hana shi ba. Rabin mazan unguwarmu shi ya yi musu kaciya, ya san wanda ya daure da wanda ya tara wa uwarsa jama'a da ihu, amma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Bakinsa da nauyi. Aibinsa guda ne, son a yaba shi. Ka ce masa, "Munkaila, ba kamarka," sai ya gyara maka gemu ba ka roƙa ba, ya raka ka har bakin hanya.

Sai zamani ya juya masa baya. Aka buɗe shagunan aski masu inji da madubi da kiɗa, samari suka watse can. Kaciya ta koma asibiti, cire beli aka ce a daina. Na sha wucewa ta zaurensa da ke bayan kasuwa in same shi zaune yana wasa askar da ba ta da kan da za ta aske. Abu ɗaya ya rage masa, ƙaho.

Ƙaho kuwa ba zai mutu a Matameye ba muddin ana zuwa cirani. Da an gama girbi mazanmu suke tsallaka iyaka, wasu Kano, wasu Legas, wasu Fatakwal, ana dako, ana ga-ruwa, ana gadi. Ruwan shuka na sauka sai su dawo. Kuma ba namijin da zai kama hauya bai fara zuwa an kafa masa ƙaho a baya an zuƙe masa mataccen jinin wahala ba. Haka muka taras. Mace ba ta tambayar mijinta me ya kai shi wurin wanzami, maƙwabci ma ba ya tambaya.

Abin baƙin cikin, ba atamfa da rediyo kaɗai suke dawowa da su ba. Wasu da Sida suke dawowa, wato ƙanjamau, ba su sani ba. Mu da ke karɓar haihuwa mu muke ganin ƙarshen abin, a jikin matan da ba su taɓa wuce Kance ba, da jariran da ba sa kai yaye. Akwai ɗakin gwaji a asibiti, amma wane namiji ne zai yarda a gan shi a ƙofar ɗakin nan? Kafin ya kai gida labari ya riga shi.

Shekara tara da suka wuce wani furoje, wato shirin agaji mai yaƙi da cutar, ya zo da wata ma'aikaciyar jinya 'yar Damagaram, Madam Sadiyya. Guntuwar mace, ba ta iya zama wuri ɗaya. Ta yi sati uku a ɗakin gwajin nan, ba namiji ko ɗaya. Rannan ta bi ta bayan kasuwa ta ga maza goma sha biyu a jere a ƙofar zaure, kowa da rigarsa a hannu, suna jiran a tsaga musu baya. Ta tsaya ta daɗe tana kallo. Washegari ta zo ta ce da ni, "Inna Shekara, wane ne mai zauren can?" Na ce, "Wani mai kan tulu ne, me ya yi miki?"

Ta tafi da shi Damagaram da wasu wanzamai aka horar da su mako biyu. Ya dawo da kwali uku da ɗaga kai. Reza sabuwa ga kowane mutum, safar hannu, ruwan jabel na wanke ƙaho, sai kuma tsinken gwaji, wani ɗan siririn abu da ake ɗiga wa jini a jira kaɗan. In layi ɗaya ya fito, lafiya. In biyu, sai a kai mutum asibiti a tabbatar. A yatsa aka koya musu ɗiba, amma mazanmu suka ƙi, wai duk wanda ya fito da auduga a yatsa an gane shi. Madam ta yi ta nazari, daga baya ta yarda ya riƙa ɗibar ɗigon farko daga tsagar kafaɗa kafin ya ɗora ƙaho.

Yadda zai ba da sakamako kuwa shi ya ƙirƙiro, kuma in gaskiya za a bi, dabara ce. A zaure ba ya cewa komai, don akwai kunnuwa a waje. Ya goge maka baya ya sallame ka. In layi biyu ne, sai ya bari ka fita aiki, ya bi ka gona inda ba kowa sai gero, ku zauna a gindin gawo ya gaya maka, sannan ya haɗa ka da Madam. Duk gari aka san ƙa'idar. In kwana uku suka wuce Munkaila bai bi ka gona ba, to ba komai a jininka.

Abin ya yi aiki, wallahi ya yi. Maza da yawa waɗanda da yanzu suna ƙarƙashin ƙasa suna nan suna noma, suna shan maganinsu ba wanda ya sani. Ni da idona na ga yadda binne jarirai ya ragu a unguwarmu. Munkaila ya dawo mutum. Ana gaishe shi a tsugune, ana ce masa Baba Wanzami.

Inda ɓarnar ta fara shi ne, ba mai ganin tsinken nan. Wanda ake wa ƙaho bango yake kallo. Da farko Munkaila yana tambaya, "A duba?" mutum ya gyaɗa kai. Da tafiya ta yi nisa aka daina tambaya, kowa ya san zuwa ƙaho zuwa dubawa ne. A hankali mutane suka manta da akwai wani tsinke. Aka fara cewa a jinin ƙaho yake gani, wai gadon gidansu ne, da ya kalli kalar jini ya sani. Na same shi na ce, "Kai, gaya wa mutane gaskiya." Ya yi murmushi ya ce, "Shekara, ni ban taɓa cewa ina gani ba." Na ce, "Ba ka kuma taɓa cewa ba ka gani ba." Ya ci gaba da shafa gemunsa. Daɗin abin yake ji.

Bara, kafin zafi ya kankama, Madam ta zo ba a motar furoje ba, a bayan kabu-kabu, babur ɗin haya. Ta ce mutanen wata ƙasa mai nisa da ke riƙe da aikin sun janye hannu, an ce na wata uku ne, ana duba lamarin. Ita kanta an ce ta zauna gida. Ta ajiye masa kwali ɗaya ta ce, "Baba, yi tattali, in Allah ya so wani na hanya." Ba mu san su waye suka yanke ba, ba su san da mu ba. Ni har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Wani ya zauna a ofis mai sanyi ya sa hannu a takarda, ko sunan Matameye bai taɓa ji ba.

Kwalin bai kai ko tsakiyar lokacin dawowar 'yan cirani ba. Ranar da tsinke na ƙarshe ya tafi, akwai maza shida a ƙofa. Abin da ya kamata ya yi ko yaro ya sani, ya leƙo ya ce, "Jama'a, kayan dubawa sun ƙare, ƙaho kawai zan yi muku." Bai faɗa ba. Ya ce a ransa sati mai zuwa kaya za su iso, sai ya kira su ɗaya bayan ɗaya ya duba su. Sati ya zo ya wuce. Da ya yi shiru ga shida, faɗa wa na bakwai ya yi masa nauyi. Daga baya ya gaya mini cewa duk sanda ya buɗe baki sai ya hango kansa zaune yana wasa aska ba kowa a ƙofa. Daminar nan kaf bai bi kowa gona ba, mutane har suna murna wai bana Allah ya tsare gari.

Cikin waɗanda ya yi wa ƙahon nan na banza akwai Muntaka, ɗan maƙwabtanmu, mai tura baron ruwa a Legas. Shekara biyu cur bai zo gida ba. Matarsa Najaha, mai suyar awara a ƙofar gida, yarinya ce mai baki da fara'a, aurensu shekara huɗu ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ya dawo, aka yi masa ƙaho, ya ƙirga kwana ukunsa. Kafin gero ya fitar da kai Najaha ta samu ciki. Duk unguwa aka taya ta murna. Da aka gama girbi ya koma Legas.

Ga nawa laifin. Ranar da ta zo awo, tsinke tara suka rage mana, mata kuwa sun fi talatin. Majo, wato babban ma'aikacin asibitinmu, ya ce in fara gabatar da waɗanda ba a duba mazansu ba. Na bi layi ina tambaya. Da na zo kanta ta ce, "Inna, ba wa wata. Baba Wanzami ya yi wa maigida ƙaho, bai bi shi gona ba." Na ce madalla, na wuce gaba. Ni da nake ganin kwalinmu yana ƙarewa, ban tambayi kaina daga wace rijiya nasa yake cika ba. Shekara ashirin ina aikin nan, na san gwajin miji ba shi ne na mata ba. Na sani sarai, na wuce.

Azumi na da kwana goma, bayan azahar, sai ga Munkaila a tsakar gidana ba ko sallama. Hularsa a hannu. Na buɗe baki zan ce yau kuma wa ya kori mai kan tulu, sai na ga fuskarsa na haɗiye.

"Shekara, na kashe mutane," ya ce.

Ya zauna a ƙasa ya ba ni labari tun daga ranar maza shida. Muntaka ne ya bugo masa waya daga Legas. Ya kwanta rashin lafiya, 'yan uwa suka kai shi asibiti, aka gwada, aka ce yana da ita, kuma ba ta jiya ba ce, ta daɗe a jikinsa. Yana kuka yana cewa, "Baba, ba ka biyo ni gona ba. Na jira ka kwana uku kafin in shiga ɗakin matata." Sannan ya haɗa shi da Allah kada ya gaya wa Najaha, shi zai faɗa mata da bakinsa in ya zo sallah.

Ban san sanda na ɗaga ludayin da ke hannuna na jefe shi ba. Na zage shi zagin da ba na wasa ba, karo na farko a rayuwarmu. Da na gaji na zauna na yi lissafi da yatsu. Cikin Najaha wata takwas. In tana da cutar aka sa ta a magani yanzu, akwai fatan a ceci abin da ke cikinta. Kowace rana da ta wuce ba magani, rabon yaron raguwa yake.

Na ruga wurin majo, ban faɗi suna ba. Ya buɗe kabad ya nuna mini. "Inna, magani ga shi, akwai ɗan saura. Amma ba zan ɗora mace mai ciki a kansa don maganar waya ba. Kawo mini gwaji." Gaskiya ya faɗa. Tsinke kuwa rabonmu da shi tun kaka. Na tsaya ina kallon gwangwanayen nan a jere, ga su kusa da hannuna, na ji kamar in fasa kabad ɗin.

A Damagaram akwai, amma can ba sa ba da tsinke a hannu, sai an kai mace da kanta. Kai ta kuwa sai an gaya mata dalili, sai uwar mijinta ta ji. Munkaila ya ce, "Ba ni kwana uku, zan samo ko guda ɗaya ne. Ki kira ta awo ki gwada ta kamar yadda ake yi wa kowa. In layi ɗaya ne shi ke nan, ba wanda ya ji." Ya kamata in ce a'a. Na yarda, don ni ma ba na son ta dubi idona ta tuna ranar da na wuce ta.

Tsoho ɗan shekara sittin da uku, da azumi a bakinsa, cikin zafin nan mai narka kwalta, ya hau tsohon motonsa, wato babur. Ya je Kance, babu. Ya je Ɗan Barto, babu. Ya bi shagunan magani har tsallaken iyaka, mai cewa bai san shi ba, mai cewa dawo jibi. Kwana uku suka zama goma. Kullum da la'asar sai ya shigo leɓensa a tsage, ya girgiza kai, ni kuma in fita in hangi Najaha a ƙofar gidansu tana juya awara da cikinta a gaba, tana ɗaga mini hannu. Na daina bi ta layinsu.

Ana saura kwana huɗu sallah ya shigo da gudu kamar yaro. Wani wanzami a ƙauyen Icirnawa da aka horar da su tare ya lalubo guda biyu a ƙasan zabirarsa. Na karɓa na duba. Kwanan da aka rubuta a jiki ya wuce da fiye da shekara, ledar ta kumbura don zafi. Na ce bari mu gani, na huda yatsata na ɗiga a guda. Muka zuba masa ido. Ko layin nan ɗaya da ke nuna tsinken yana da rai bai fito ba. Na gwada na biyun, haka. Munkaila ya kifa kansa a gwiwa ya yi kuka irin na mata, ni kuma ko tausayinsa ban ji ba.

"Tashi," na ce. "Kwana goma sha shida mun ƙone don mu rufa wa kanmu asiri. Ka je ka gaya mata."

"Na yi wa mijinta alkawari. Sallah saura kwana huɗu."

"Alkawarin banza! Yaron da ke ciki da shi aka yi alkawarin?"

Duk da haka sai da ya jira sallar. Muntaka bai zo ba, jikinsa ba zai ɗauki mota ba. Washegarin sallah da hantsi muka tafi tare. Aka kira ta zaure, ta fito da lallenta na sallah, ta durƙusa da ƙyar ta gaishe mu. Munkaila ya faɗa mata duka, bai rage wa kansa komai ba. Ni ma na faɗi nawa.

Ba ta yi ihu ba. Ta dafa bango ta ce, "Baba, tun yaushe ka sani?"

"Kwana ashirin da ɗaya."

"Ke fa, Inna?"

"Rana ɗaya muka ji."

"Ku uku kun sani, kuna ta zirga-zirga a kaina. Ni da ke ɗauke da shi, ni kaɗai ce ban isa in ji ba." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Gobe da safe a kai ni Damagaram."

Ba a kai goben ba. Bayan azahar aka aiko mini, naƙuda ta taso mata, saura kusan sati biyu a lissafina. Kafin a samo mota kai ya sauko. A ɗakinta na karɓa, namiji, ƙarami amma da kuka mai ƙarfi. Na yanke cibi. Uwar miji tana guɗa a tsakar gida, ni ina kallon jinin da yaron ya fito ta cikinsa, na san abin da na sani.

Na kira Madam Sadiyya a waya. Tana gida ba aiki, amma ta ɗauka. Ta ce, "Inna, akwai siro, maganin ruwa da ake ba jariri, amma kafin kwana uku su cika. Ku kawo su duka biyun, zan tarye ku a bakin asibiti." To, mai jego a garinmu ba ta taka ƙofar gida kafin arba'in, balle haihuwar fari, balle kafin suna. Ga ruwan wanka a kan wuta, ga 'yan barka cike da gida. Uwar miji ta tare ƙofa ta ce ba inda za a je da ɗanyen jiki. Ina neman ƙaryar da zan yi, sai Najaha ta fito da yaron a naɗe cikin zane, tana bin bango. Ta dubi uwar mijinta ta ce, "Inna, ki gafarce ni, za ni Damagaram a duba ni da yaron nan. Dalili kuwa, ki tambayi ɗanki." Ta ratsa ta cikin mata ta fita.

A Damagaram abin da muka yi sati uku muna nema bai ɗauki minti ashirin ba. Layi biyu. Aka ɗora ta a magani, aka ɗura wa yaron siro. Suka ce sai ya yi sati shida a ɗebi jini a diddigensa, sannan a san ko ya tsira. Aka yi suna, aka sa masa Marwan. Wani wanzami daga Kance aka ɗauko ya yi askin.

Da sati shida suka cika majo ya ɗiga jinin a wata takarda. Da can motar furoje ce ke kwasar irinsu duk mako, yanzu sai an samu mai zuwa. Munkaila ya ce shi zai kai. Ya kai, aka ce injin gwajin yana jiran kayan aiki, ya dawo bayan sati biyu. Ya koma, aka ce bayan sati biyu. Sau huɗu yana zuwa.

A tsakanin nan ruwa ya sauka. Munkaila ya rataye zabirarsa, ya ja ƙofar zauren ya rufe. Ya ɗauki sanda ya shiga bin gonaki, mutum arba'in da bakwai, duk wanda ya yi wa ƙaho bayan kwalin ya ƙare. Duk wanda ya hango shi tafe sai hauya ta faɗi daga hannunsa. Shi kuwa abu ɗaya yake faɗa, "Ban zo in ce kana da ita ba. Na zo in ce ban duba ka ba, kuma ni ba na ganin komai a jini." Wani ya tofa masa yawu. Wani ya shaƙe shi sai da aka raba. Da yawa tambaya ɗaya suka yi masa, to yanzu ina za mu je a duba mu? Ya ce Damagaram. Wanda bai gama noman fari ba ina zai je Damagaram? Bakwai kawai na san sun je. Yanzu ba mai ce masa Baba Wanzami. In ya wuce, Munkaila ne kawai, wasu ma ko amsa sallamarsa ba sa yi. Muntaka ya dawo kamar tsinken tsintsiya, yana shan magani, yana zaune a gidan ba ya iya haɗa ido da matarsa.

A zuwan Munkaila Damagaram na biyar aka miƙa masa takarda a liƙe. Bai iya karatun boko ba, kuma bai ba kowa ya duba masa a hanya ba. Ya sa ta cikin hula ya kifa a kai tun daga Damagaram. Da hantsi ya iso gidana, na aika aka kira Najaha. Ta zo da Marwan a goye, wata huɗu da haihuwa, yana tsotsar yatsa. Munkaila ya tsuguna nesa, can wajen randa.

Faransanci ban iya ba, amma kalma biyun nan, ta akwai da ta babu, na shekara ashirin ina ganinsu. Na yage bakin takardar. Na karanta, na sake karantawa da yatsa a kai, ko idona ne.

"Yana da ita," na ce.

Na ji wani sauti ya fito daga wajen randa, ban waiwaya ba. Najaha ta kwance goyon ta juyo da yaron gabanta, ta share masa yawu da bakin zane. Ya kama ɗan kunnenta yana ja.

"Akwai maganin yara?"

"Akwai. Majo ya ce na wata uku yana hannu."

"Bayan nan fa?"

"An ce wani na hanya," na ce, sai na ji kunyar bakina.

Ta gyaɗa kai. "Yaya ake ba shi?"

"A narka a ɗan ruwa. Sau ɗaya a rana, kullum, ba fashi."

"Har yaushe, Inna?"

Na ce, "Iyakar tsawon ransa."

Ta dubi yaron, ta cire yatsunsa daga kunnenta a hankali, ta mayar da shi baya ta ɗaure zanen tamau.

"To," ta ce, "Allah ya sa in ba shi har in gaji."